Yadda Za Ka Raba Karenka Da Butar Maƙwabci Ba Tare Da Sanda Ba

Karenka ya addabi unguwa? Kwantar da hankalinka. Wannan hanya da zan ɗora ka a kai ba ta taɓa ba ni kunya ba. Da ita na ceci Gwaska, karen Ɗanasabe na Daudawa, wanda ya ɗauki ɗabi'ar lasar butar alwalar maƙwabcinsu Malam Gide. Malam ya gaji da wanke buta da ƙasa, ya kai ƙara. Mai unguwa ya yanke hukunci: in ba a ga canji ba, ranar kasuwar Yankara a miƙa Gwaska ga masu sayen karnuka. Kowa kuwa ya san ba gadi suke kai su ba.

1. Ajiye sandar.
Duka ba ya koya wa kare komai sai gudu. Ɗanasabe ya gwada. Abin da Gwaska ya fahimta kawai shi ne a riƙa lasar buta in maigida ya tafi gona.

2. Nemi ƙuli-ƙuli.
Kare ɗan kwangila ne, ya yi aiki a biya shi nan take. Ya saki buta, jefa masa guntu, ka yabe shi kamar ya ci zaɓe. Ka cika aljihu, ka kuma daina ci da kanka.

3. Haɗa kan gida.
Kada kai ka hana, uwargida ta yarda. Lidiya, matar Ɗanasabe, cewa ta yi, "Ni da ke soya ƙulin ba a taɓa yaba mani haka ba." Yabe ta ita ma. Ba a gyara kare a gidan da ake fushi.

4. Kula da abin da kake biya.
Nan masu gaggawa ke faɗuwa. Ɗanasabe ya riƙa biya duk sanda Gwaska ya ajiye buta. Gwaska ya zauna ya yi nazari: ashe buta ake saye. Kafin azahar ya kwaso butocin ƙofar masallaci kaf, ya jera su a tsakar gida, ya zauna yana kaɗa wutsiya yana jiran lada.

Malam Gide ya iso da hannun riga a naɗe.

"Ɗanasabe, da lasa ya tsaya ai da sauƙi. Yanzu dillanci ya koma?"

"Yi haƙuri Malam, horo muke."

"Shi ke horon ka, ko kai ke horon shi?"

Idan haka ta same ka, kada ka yi gardama. Kwashi butoci ka mayar, ka haɗa da sabulu.

5. Tambayi kanka me yake nema.
Mai hikima ya ce kare ba ya alwala. To me ya kai shi buta? Ƙishirwa. Lidiya ce ta gano kaskon ruwansa ya tsage tun kaka. Sa masa sabo a inuwa. Ka tafi da shi gona ya kori birai daga masara har ya gaji. Gajiyayyen kare ya fi kowa ladabi. Daga nan ƙuli sai in ya ga buta ya kau da kai ya zauna.

6. Ranar gwaji, kada ka yi rawar jiki.
Mai unguwa ya zo da kansa, ya tuɓe takalmi ya hau tabarma. Aka dire buta cike da ruwa gaban Gwaska. Mai sayen karnuka na tsaye gefe da igiya. Gwaska ya dubi buta, ya dubi Ɗanasabe, ya yi hamma, ya zauna.

"To Malam, mi ka gani?" in ji mai unguwa.

Malam Gide ya shafa gemu. "Ya fi wasu 'yan unguwar natsuwa. A bar shi."

Mai igiya ya tafi yana tsaki. Aka yi ta hira, aka sha fura. Mai unguwa ya miƙe zai tafi, ya laluba gefen tabarma da ƙafa, sai takalmi ɗaya.

Hukunci dai an riga an yanke, kuma a kan buta aka yi shi.

Gargaɗi: ni buta na yi maka alkawari. Takalmi, hula, tsintsiya da duk abin da karenka zai koma saye da sayarwa nan gaba, tsakaninka ne da mai unguwarku. In an tambaye ka wa ya koya maka, ka ce a mota ka ji.