Rediyon Baba a Cikin Firiza

Ba zan taɓa mantawa da yammar da na je gaida mahaifin Bilkisu a Kabara ba, lokacin ana gab da sa mana rana. Ƙa'idar gaida suruki kowa ya san ta: ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ka yi shiru. Biyun farko dai na yi su.

Ina ajin ƙarshe a sashen injiniyan lantarki, kuma a satin aka koya mana cewa shuuu ɗin da ake ji a rediyo har da zafi a ciki. Duk abin da ke da ɗumi, ƙwayoyin lantarkin cikinsa ba sa zama wuri ɗaya, kai-kawo suke yi, a wayoyin cikin rediyo ne ko a eriya, motsin nan kuma shi ke fitowa kamar ana suya. Malaminmu ya ce idan aka sanyaya na'ura, ƙarar tana raguwa. Wannan kaɗai na riƙe (sauran bayanin ya same ni ina gyangyaɗi).

Na tarar da Baba a soro, tsohuwar rediyonsa da ya sayo a Makka tana ta shuuu. Ya jijjiga ta, ya ce, "Kullum haka take yi min."

Bakina ya ƙi haƙuri. "Baba, ai zafi ne. Sanyi take buƙata."

Ya kalle ni ta saman tabarau. "To, Injiniya, ga ka ga ta."

A lungun soron akwai firizar da Hajiya, matarsa, ke sana'ar ƙanƙara da ita. Na naɗe eriya, na kwantar da rediyon tsakanin ƙullin zoɓo, na rufe da ƙasaita. Sai aka kira La'asar. Daga masallaci aka tsaya gaishe-gaishe, aka zarce duba wani maƙwabci mara lafiya. Ranar kuma, don tsabar rashin sa'a, ko ƙiftawa wuta ba ta yi ba.

Muka dawo lokacin labarai, dattawan unguwa sun cika tabarma. Na ciro ta fari fat, ƙullin zoɓo ɗaya ya manne mata a baya. Tana shan iska ta hau zufa, ruwa na ɗiga ta lasifika. Ni ma haka.

Baba ya murɗa. Shiru. Ya sake murɗawa, ya kara a kunne, ya gyaɗa kai.

"Gaskiya yaron nan ya iya aiki," in ji shi. "Shuuu ɗin ya tafi. Ya tafi da labaran ma."

Dattawa suka kwashe da dariya, daga cikin gida kuma na jiyo ta Bilkisu. Wallahi na ɗauka auren ya mutu tare da rediyon, na koma gida ko tuwo ban iya ci ba. Da na buɗe littafi sai na ga sanyin da ake nufi na manyan eriyoyin sauraron sararin sama ne, wanda firizar Hajiya ko kusa ba ta kai ba. Yawancin ƙarar ma daga waje eriya ke kwaso ta.

Baba dai ya ba ni Bilkisu, ni kuma na koyi cika ƙa'ida ta uku. Amma ranar sunan ɗanmu, jariri na tsala kuka aka miƙo min shi, sai Baba ya ɗaga hannu da sauri.

"A'a, kar ku ba Injiniya! Hajiya, sa wa firizar nan kwaɗo."