Tiyatar da Darakta Ya Tura Wakili

Duk faɗin ma'aikatarmu babu wanda ya san darajar kansa kamar Darakta. Shekara goma sha ɗaya yana kan kujera, ba a taɓa ganin ƙeyarsa a wurin taro ba. Gaisuwar mutuwa ce ko buɗe sabon famfo, wakili yake turawa. Shi ya sa muke kiransa Aika-Wani, a bayan idonsa dai.

Sai ciwon sukari, da bai san manya ba, ya shigo masa ba tare da ya bi ta wurin sakatariya ba. Tumbi ya kai sai an ja masa tebur kafin ya miƙe, ga gyambo a babban yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Likita ta ce a yi masa tiyatar rage ƙiba don sukarin ya sauka, in ba haka ba yatsan zai tafi.

Darakta ya tara mu, ya yi mana jawabi ta waya daga ofishin da ke jikin namu.

"Kuɗin aikin ya kai na mota, kuma na biya," ya ce. "Amma mutum irina ya kwanta sati biyu ana ba shi romo da cokali? Wa zai riƙe ma'aikata?"

Sai ya kira ƙanin matarsa, mai gyaran agogo, wanda shi ma Allah ya hore masa tumbi da sukari.

"Yaya, ni za a yanka fa?"

"A madadina. Ka kame, kada ka kunyata ofis."

Asibiti suka auna mutumin, suka ga ya cancanta, suka yi aikinsu. Cikin wata shida ya zube, ya daina allurar sukari, har yana hawa bene da gudu. Darakta ya sa aka kafe takardar gwajin mai agogon a bango, ya sanar da mu cewa shi Darakta ya warke. Ya zubar da magungunansa. Ya sa tela ya rage masa riguna da awon mai agogo, muka yi ta tsintar maɓallai a ƙasan ofis.

Matarsa ce ta ba ni tausayi, wallahi. Har ofis ta biyo shi da hawaye.

"Baban yara, yatsan nan ya yi baƙi, har wari yake."

"Ke ba kya karanta rahoto ne?" Ya nuna mata bango.

Ranar da aka cire yatsan, dole ya je da ƙafarsa. Da ya dawo yana ɗingishi, muka yi layi muna yi masa sannu, ya ɗaga hannu ya tsayar da mu.

"Ku koyi tattali. Cire yatsa ko kashi ɗaya cikin goma na kuɗin waccan tiyatar bai kai ba. Riba na ci."

Muka tafa masa. Ya ce maganar magani kuma an rufe ta. Saura yatsu tara.