Yadda Ake Ƙona Wanda Ya Karya Ƙasa

Kwamitin unguwarmu ya zauna ya gano cewa Doña Eufrosina mai sayar da tortiya, wainar masarar da muke ci kullum, ita ce ta karya tattalin arzikin Meziko. Ni na ƙera mutum-mutuminta. Tun ina yaro nake ƙera Yahuza, mutum-mutumin maci amana da ake ƙonawa ranar Asabar ta jajiberin Ista, ban taɓa yin wanda ya ƙi fashewa ba. Bi abin da zan gaya maka, za ka sami mai laifi kafin rana ta yi tsaka. Na lamunce maka.

1. Tara masu jin haushi

Ba wuya. Feso, kuɗin ƙasarmu, ya faɗi, masana'antar takalma ta rufe, maza na zaune. Kira su shagon aski. Kada ka gayyaci mai karatu. Zai fara bayani, haushin ya huce.

2. Cire manya

Wani zai ce a ƙona babba na gwamnati. A wurinmu Chencho wanzami ne ya faɗa. Don Nicanor, shugaban kwamiti, ya ce, "To gwarzo, kai za ka je wurin 'yan sanda karɓo izini?"

"Ni aski na iya," in ji Chencho. "Bayana ba ya son simintin kurkuku."

Masu banki kuwa ba wanda ya taɓa ganin fuskarsu. Ba a ƙera abin da ba a gani ba.

3. Cire kanka

Wata tsohuwa za ta tuno buhunan wake da kwanon rufi da kowa ya karɓa lokacin zaɓe. Ce mata makon ibada ne, a bar tone-tone. Waken ma an cinye.

4. Duba kusa

A jarida ake rubuta karyewar ƙasa, amma a kan sikeli ake jin ta. Wa ya dube ka ido da ido ya ce an ƙara? Shi ne. Doña Eufrosina ta ƙara kuɗin kilo. Ta ce masara ta tashi, gas ya tashi. Kada ka saurara. Mijinta ya mutu, ba ta da ɗa, ba ta da kowa a ofis. Sharuɗɗa sun cika.

5. Yi aiki mai kyau

Gora ita ce ƙashi, takarda da kunun fulawa su ne nama. Ƙaho wajibi ne. Albarushi a ciki ake ɗura shi, ba a ka ba, don fuska ta daɗe ana kallonta. Yahuzan da ba a gane ba asarar takarda ne. Na sa masa kitson Doña Eufrosina, tabon kuncinta, da rigar aikinta mai furanni. Tun daga bakin layi aka riƙa kiran sunanta. Aiki ke nan.

6. Kunna

Mun rataye shi a gaban shagonta. Tana tsaye a ƙofa, ta harɗe hannuwa. Ya fashe, aka yi ihu, aka yi tafi. Don Nicanor ya ce ya ji ƙirjinsa ya yi sakayau. Feso bai motsa ba, amma wannan ba sana'ata ba ce.

Gargaɗi

Takarda da albarushi na sani. Abin da ya biyo baya ba ruwana, kada kowa ya zo ƙofata. Ka dai sani ranar Lahadi ma ana jin yunwa, kuma injin tortiya ɗaya ne a unguwarmu.

Da safe muka yi layi, kowa da ƙyallen naɗe tortiyarsa. Injin yana aiki, ƙamshi ya cika titi. Don Nicanor ne a gaba.

"Barka da Ista, 'yar'uwa. Kilo biyu. Na jiya fa wasa ne, al'ada ce."

"Wasa ne? Ai na ga hannunka ya kumbura da tafi."

"Haba Iya," in ji Chencho daga baya, "har da mu? Yara ba su karya ba."

Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, har ni. Ta kife kwanon sikelin.

"Wadda take sayar muku ta ƙone jiya. Ba zan sayar ba."