Lomar da Na Sa wa Uwar Ango

Ba zan taɓa mantawa da alwashin da na ɗauka a wani Cika-ciki ba, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba. Ina aure a Bungudu, ina da ɗa guda, Ilu. Zazzaɓi ya kama shi yana ɗan yaye, ya tafi da ƙafafunsa, ya bar masa hannu mai rawa. Tun daga nan ni ce ƙafarsa, ni ce hannunsa. Ni ke cura masa loma, in hura, in sa masa a baki. Kuma ina alfahari da haka (Allah ya yafe mini), duk wadda ta ce in kawo ta taya ni sai in ce ai Ilu ba ya ci a hannun kowa.

A wannan Cika-cikin an dafa jelar ragon layya, kowa ya ci ya yi nak, ni kuwa da na gama ba Ilu sai na tarar da tuwona ya sandare. Gwaggo Tumba, yayar mijina, ta dube ni ta ce, "Ke wagga, shekara ta sake, ke ba ki sake ba. Yaushe rabonki da gidanku?"

Maganar ta soke ni. Na buga ƙirji a gaban matan gida na ce bana zan san ni ma mutum ce. Bikin ƙanwata Dije na tafe a Gusau, zan je, zan kwana uku, kuma da ni za a raka ta ɗakinta a Tsafe.

Ranar tafiya na ƙunsa lalle, na hau jaki, na bar wa Gwaggo wasiyya kamar mai tafiya Makka. Na isa lafiya, Dije ta rungume ni tana kuka. Da azahar aka kawo tuwo, aka girmama ni a matsayin babbar ya, aka haɗa ni akushi ɗaya da uwar ango, dattijuwa mai kwarjini wadda ko tari ba a yi a gabanta.

To, sabo turken wawa. Ina sauraron hirar mata, hankalina na Bungudu, hannuna kuwa na aikin da ya saba. Na cura loma, na dangwala miya, na hura. Daidai lokacin baiwar Allah ta buɗe baki za ta yi magana, sai na zura mata. Ban tsaya nan ba. Na kama gefen zanena na share mata haɓa, na ce, "Yawwa ɗan albarka, saura guda."

Kowa ya zuba mana ido. Tsohuwa ta haɗiye da ƙyar (me za ta yi?), ta ce, "Ɗiyar ga, haƙorana ɗai suka ƙare, hannuna na nan." Aka fashe da dariya, har wata ta rangaɗa guɗa.

Da ina da hankali, da na yi dariyar tare da su. Amma kunya ta rufe ni, na fake da cewa jikina ya ba ni Ilu bai ci komai ba. Washegari da sassafe na kama hanya, Dije na riƙe da mayafina tana cewa, "Yaya, ke da kinka yi alkawari?" Na fizge na tafi.

Na shiga gida da hantsi, na tarar da Ilu a kan tabarma, akushi a gabansa. Tuwo har a kunne, rabi a ƙasa kaji na biki, amma rabin yana shiga baki, da hannunsa. Ya ɗago yana dariya, ya miƙo mini wata dagulalliyar loma.

Gwaggo ta ce, "Tun jiya haka yake ci. Ke ce ba ki taɓa bari hannunsa ya riga naki isa akushi ba."

Aka kai Dije Tsafe babu ni, kuma ta daɗe ba ta huce ba. Wannan ya dame ni, amma bai kai shekarun da na hana yaron nan jin daɗin lomar kansa ba. Yanzu in Cika-ciki ya zo ba na buga ƙirji. Hannuna nake dannewa da cinya har sai kowa ya gama cin tuwonsa.