Ranar da Talotalon Mama Ladi Ya Kore Ni

Talotalo ya kore ni a ƙofar gidana da rana tsaka, kuma mutanen layinmu sun kalla a talabijin. Ba zan taɓa mantawa ba. Ko na so in manta ma, ba za a bar ni ba.

Bari in faɗi ko ni wane ne, don a san girman abin. Shekara talatin na yi ina tuƙa babbar mota, ina ɗauko doya da masara daga Kagara. Mota ta kife da ni sau biyu. Masu bindiga sun tare ni, na kwana tara a daji a hannunsu, na dawo da ƙafata. Ban yi boko ba, kuma ba ni da yawan magana. Da na ajiye tuƙi na zauna a unguwar Fadikpe, sai mutanen layinmu suka ba ni shugabancin 'yan sintiri. Ba wanda ya tsaya takara da ni. "Baba Direba ba ya tsoron komai," haka suke cewa. Ni ma ban taɓa musantawa ba.

Autata Zainab, da ke aiki a Abuja, ita ta kawo mini kyamarar tsaro. Mai gyaran wuta ya kafa ta a saman ƙofa, tana kallon bishiyar mangwaro da titi. Sauran aikin Zainab ta yi da kanta. Ta ajiye wani ɗan akwatin intanet a falo. Ta sa manhaja a wayata da ta uwarta. Ta ce in zaɓi lambar sirri, na ba ta lambar tsohuwar motata. Sannan ta ce in hau tsani in nuna wa kyamarar fuskar wayata, inda wani zane ya fito mai kama da saƙar tabarma. Na nuna. Kyamarar ta yi magana da Turanci, da muryar mace (na kusa sakin tsanin, amma wannan ba wanda ya lura).

"Shi ke nan, Baba, ta haɗu," in ji Zainab.

Tambaya ɗaya na yi. "Ina hoton yake zama?"

Ta nuna mini wani ɗan rami a ƙarƙashin kyamarar. "Akwai katin memori a nan. Amma ba nan kaɗai ba, Baba, don na haɗa ta da ma'ajiyar intanet. Duk abin da ta ɗauka..."

"Na gane," na ce. An kira sallar la'asar, na tafi masallaci. Katin memori ai na san shi. Shi muke sa karatu da waƙoƙi a mota. Me ya rage da yarinyar da na goya za ta koya mini?

Bayan nan na cika baki sosai. Duk wanda ya zo wucewa sai na nuna masa. "Ko ƙuda ya gifta, tana gani."

Maƙwabciyarmu Mama Ladi, 'yar kudancin Kaduna ce, shekara ashirin muna katanga ɗaya. Duk Kirsimeti ni take kira in yanka mata abin da za ta dafa, don mu ma mu ci. A bana talotalo ta kiwata. Ƙato, baƙi, wuyansa ja kamar an zuba masa barkono.

Ranar Talata ce. Uwargida tana kasuwa, inda take sayar da kayan miya. Layi shiru, kowa ya fita nema. Na fito da jallabiya da jar hulata zan sha iska a gindin mangwaro. Sai na gan shi. Ya tsinke igiya, yana tsaye a kan tabarmata.

Na ce, "Kai!" Na buga ƙafa.

Ya buɗe wutsiya, ya kumbura, ya ja fukafukai a ƙasa. Ya yi wani kuka da ban taɓa ji ba. Sai kawai na ga ya taso sama, ƙafafunsa a ƙirjina.

Mutum mai bindiga ana iya yi masa magana. Na yi, na sani. Wannan ba ya jin magana. Na tattare jallabiya na runtuma. Sau uku muka zagaya mangwaron. Takalmi ɗaya ya fita, hula ta faɗi. Na haye wani tsohon duro, duron ya mirgina da ni. Ya sare ni a baya, a wurin da ba zan ambata ba. Abin da bakina ya faɗa a lokacin, sai daga baya na ji shi da kunnena. Da ƙyar na faɗa gida na danna sakata.

Na yi kusan rabin awa a bayan ƙofa ina haki. Da na leƙa, ba talotalo, ba kowa. Na ce alhamdu lillahi. Na ɗaga kai sama don in ƙara godiya, sai muka haɗa ido da kyamara.

Ban ɓata lokaci ba. Na ɗauko tsani da allurar uwargida, na hau, na zaƙulo katin. Na jefa shi cikin murhun gawayi, na tsaya har ya narke. Raina ya yi fari. Na ce magana ta mutu.

Da yamma Mama Ladi ta zo hannu a ka. "Baba Direba, talotalo na ya ɓata! Wata shida ina ba shi abinci kamar yaro. Kyamara naka bai gani ba?"

"Ta lalace," na ce.

Uwargida tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗago. "Ta lalace, Malam?"

"Ta lalace."

"To," ta ce. Ta ci gaba da tankaɗe, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka tari ne.

Kashegari magana ta ɓaci. Wani ya ce ya ga Ndagi ya fita daga layi da buhu a bayan kekensa. Ndagi Banufe ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu, keke napep yake tuƙawa, kuma keken ba nasa ba ne. Ya rantse masarar matarsa ce ya kai niƙa. Ba a yarda ba. Mama Ladi ta ce za ta kai ƙara wurin 'yan sanda. Mai keken ya aiko cewa in har aka tabbatar, a kawo masa makullinsa, ba ya aiki da ɓarawo.

Ni kuwa na san Ndagi ya wuce tun da hantsi, tun talotalon yana ɗaure. Na gan shi, har mun gaisa. Amma in na faɗa, za a tambaye ni me ya faru bayan nan. Kwana biyu tuwo bai yi mini daɗi ba. Kuma zama ma a gefe ɗaya nake yi.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka taru a falona, tunda ni ne shugaba. Mutum ya kai ashirin, wasu a taga. Ndagi yana tsugune a bakin ƙofa.

"Baba," ya ce, "kai ka ce ko ƙuda ya gifta tana gani. Yau da ni nake buƙata, sai ta lalace?"

Na dubi ƙasa. Na ce, "Ndagi bai ɗauka ba."

Sakatarenmu, wani malamin firamare mai son bin diddigi, ya gyara tabarau. "Ranka ya daɗe, ta yaya ka sani?"



Sai ga uwargida ta shigo da wayarta a hannu, ta buɗe murya kowa na ji. Zainab ce.

"Baba, ina wuni? Umma ta ce wai kyamara ta lalace. Lafiyarta ƙalau, kati ne kawai babu. Kuma ba komai, ai na gaya maka. Duk abin da ta ɗauka yana tafiya ma'ajiyar intanet nan take. Ko an sace kyamarar gaba ɗaya, hoton yana nan. Amfaninta ke nan."



"Amma gidanka ne, Baba," ta ce, tana danne dariya. "Sai ka ce a nuna."

Ido ashirin sau biyu a kaina. Na dubi Ndagi, ya riƙe makullin keke da hannu biyu. Na tuna yadda mutum yake ji in an raba shi da sitiyari.

Na ce, "A sa."

Sakatare ya haɗa wayar da talabijin ɗina. Nawa, wanda na saya da gumina.

Da farko ga Ndagi ya wuce da buhunsa, talotalo yana ɗaure a ƙofar Mama Ladi. Aka ce, "Allahu akbar, an zalunci bawan Allah." Na ce, "To, an gani, a kashe." Ba wanda ya motsa.

Ga ni na fito, ina tafiyar manya. Ga "Kai!" ɗin. Ga tsalle. Ban san ina da gudu haka ba. Ban kuma san kyamarar tana ɗaukar murya ba, sai da na ji kaina a kan duro ina cewa:

"Wayyo Allah! Yi haƙuri! Don Allah yi haƙuri, ranka ya daɗe!"

Kwana tara a hannun masu bindiga ban ce wa kowa ranka ya daɗe ba.

Falo ya kece da dariya. Mama Ladi ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa tana cewa, "Yesu! Baba Direba! Cikina!" Sakatare ya cire tabarau yana share hawaye. Ndagi, wanda na ceta, shi ya fi kowa. Wani daga taga ya ce a maimaita wurin duro. Aka maimaita.

Bayan na shige gida, sai aka ga talotalon ya taka hulata, ya tsallaka titi, ya haye bayan a-kori-kurar mai kawo gawayi yana tsattsagar wani abu. Motar ta tashi da shi. (An kira mutumin a take. Ya ce talotalon yana gidansa a unguwar Barkin Sale, yana ta cigiya, kuma don Allah a zo a ɗauka, ya hana matansa shanya.)

Na ɗauka an gama. Ashe da saura. Sai ga fuskata ta cika talabijin, hanci kamar tukunya, harshe a waje, ina zungura da allura. Har da abin da na faɗa a hankali: "Yauwa. Ba wanda ya gani."

Uwargida ta jira dariya ta lafa. "Malam, ai tun ranar na gani. In abu ya motsa a ƙofa, wayar ƙara take yi. Ina kasuwa ta yi. Mu shida muka kalla, har da mai kifi."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Kai ka ce ta lalace. Ni wace ce in ƙaryata shugaban 'yan sintiri?"

Na miƙe na ba Ndagi haƙuri a gaban kowa. Mama Ladi ma ta ba shi. Na ce na ajiye shugabanci. Suka ƙi. Sakatare ya ce mai gudu irin wannan, ba ɓarawon da zai tsere masa.

Da Kirsimeti ta zo, Mama Ladi ta aiko kamar kullum. Na wasa wuƙa. Na ce a kawo shi ƙofar gidana, daidai saitin kyamara. Maza uku suka danne shi, na yi bisimilla na yanka, na miƙe na kalli kyamarar da kyau. Na kira Zainab na ce ta duba ma'ajiya, ta tura wa duk wanda ya ga na farko.

"Baba," ta ce, "datar akwatin intanet ɗinku ta ƙare tun jiya. Ba abin da ya shiga."

Cinyar dai na ci. Ta yi tauri.

Yanzu in yaro yana yi mini bayani, ba na cewa na gane sai ya kai ƙarshe. Ina nan Fadikpe, har yau ni ne shugaba. Ba na fita ƙofa sai na gyara hula. Jar kuwa, na ba Ndagi.