Silinda Takwas A Walimar Aƙiƙ

Ba zan taɓa mantawa da walimar nan ta unguwar Aƙiƙ a Madina ba, kuma ko na yi niyyar mantawa surukaina ba za su bar ni ba.

Ni dai dabino nake sayarwa a wani shago kusa da Masallacin Ƙiblatain, ko keke ban mallaka ba a Madina. Amma a zuciyata ina da mota. Irin ta Amurkan nan ce, mai dogon hanci da ƙofa biyu, injinta silinda takwas. Idan alhazai suka ragu bayan azahar, sai in jingina da kwalayen dabinon ajwa in shige ta. In kama hanyar Badr, baƙaƙen duwatsu suna wucewa a hankali, gonakin dabino suna kaɗa ganye, gurnanin injin yana ratsa ƙirjina. A kujerar gefe kuwa Sumayya ce zaune, iska tana wasa da bakin mayafinta. (A lokacin ko doguwar gaisuwa ba mu taɓa yi ba, manya ne kawai suka fara tuntuɓar juna a kan maganarmu.)

Ana nan sai ƙanin mahaifinta ya yi wa ɗansa aure, aka gayyace ni walima a wata istiraha, irin gidajen nan masu fili da ake haya don taro. Kafin mu shiga kawuna ya ja ni gefe.

"Ka ci kaɗan, ka yi magana kaɗan. Mahaifin yarinya zai sa maka ido."

Na farkon na kiyaye shi.

Bayan la'asar aka shimfiɗa darduma a fili, ana zagayawa da gahawa. Samari suka ɗauko gardama: shin ya dace kamfani ya riƙa sa wa motar nan tawa ta mafarki ƙaramin inji, silinda huɗu mai turbo? Faisal, yayan Sumayya, haifaffen Madina ne, Hausarsa rabi Larabci. Shi ne ya ce, "Wallahi makina ƙarama ta fi, ya jama'a. Ba ta shan mai, kuma turbo ɗin yana ja. Wanda bai kai ga babbar ba, shi ma ya ɗanɗana."

Ban san lokacin da na ajiye finjalina ba.

"Haba Yaya Faisal, ai wannan cin zarafin mota ne. An ɗauki zaki an ba shi muryar kyanwa. Motar nan don gurnaninta ake son ta. Duk wanda ya sayi ƙaramar, injin markaɗe ya saya aka yi masa fenti."

Wani ya yi tari, wani ya duƙar da kai. (Ni kuwa na ɗauka hujjata ce ta kama su.) Alhaji Haruna, mahaifin Sumayya, yana gefe yana jan carbi. Ya dube ni da murmushi.

"Ɗana, ka taɓa tuƙa ta ne?"

"Ba sai na tuƙa ba, Baba. Da kunne nake gane ta, ko da idona a rufe."

Kamar jira ake yi, sai ga wani ruri mai zurfi daga bayan katanga, har ƙasa tana ɗan rawa. Na ɗaga hannu alamar a saurara, na lumshe ido.

"Kun ji ta ko? Wannan ita ce takwas ɗin. Ku ji yadda take numfashi, ba gaggawa, ba ƙarya."

Daga nan na tafi. Na ga hanyar Badr ta miƙe a gabana, rana ta yi ja a kan duwatsu, hannuna ɗaya a sitiyari. An ce har kai nake gyaɗawa, ina ɗan lilo. An ce da bakina ma na taya injin, "burum, burum", a gaban dattawa. (Wannan ban tuna ba, amma shaidun sun yi yawa.)

Warin gas ne ya dawo da ni. Na buɗe ido, na ga an wangale ƙofar istiraha, wata tsohuwar tanka tana shigowa da baya, ruwa yana ɗiga daga bututunta.

Faisal ya ce, "Hada wayit, ya akhi. Tankar ruwa ce, za ta cika mana tanki."

Ba wanda ya yi dariya sai da Alhaji Haruna ya tambaye ni cikin natsuwa, "Silinda nawa ka ce tana da shi?" A nan fili ya fashe. Kawuna ya rufe fuska da rawaninsa. Ni kuwa na zuba wa zanen darduma ido kamar an ba ni aikin haddace shi.

Da za a watse Faisal ya ce in zo ya rage mini hanya. Muka fito, ya danna makulli, sai ga fitilun wata jar mota mai dogon hanci sun haska. Tasa ce. Silinda huɗu, mai turbo. Ashe kowa a wurin ya sani ban da ni.

Muna hawa babban titi ya ɗan taka ta, ƙeyata ta manne da kujera, na kama salati.

"Yaya ka ji markaɗen?" in ji shi.

Na ce, "Yana niƙa da kyau, Yaya."

Na kwana ina jiran a aiko cewa an fasa maganar auren. Ashe Alhaji ya koma gida ya ce yaron da zai so tankar ruwa haka, ba zai wulaƙanta mace ba. An ɗaura aure, amma har yau a gidansu Abu Wayit ake kira na, kuma Sumayya ce ta fi kowa riƙe sunan.

Mafarkin ban daina ba. Na dai koyi cewa idan zan yi shi a gaban surukai, ido a buɗe ake yi, baki a rufe.