Gudumar Likita da Ƙafata ta Birki

Mamman Sani ne ya ce ɓarin jikina ya shanye, alhali lafiyata ƙalau, kuma don ya karɓe mini mota ya faɗa. Wannan ba zan taɓa mantawa ba. Amma tunda gaskiya na zauna rubutawa, rabin kunyar da na sha ni na jawo wa kaina.

Na daɗe ina jan babbar motar Alhaji, mai gidana, daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa arewa. Da ita nake ci da iyalina. Mamman Sani kuwa direba ne marar mota, kullum yana ƙofar gidan Alhaji yana jiran wani ya kwanta ciwo.

Wata Asabar aka ɗaura auren ɗan Alhaji a nan Zongo. Na kutsa sahun gaba, na harɗe ƙafafu bisa tabarma kusa da manya. Liman ya tsawaita nasiha. Tun tsakiya na ji ƙafar dama ta fara sagewa, amma na ƙi miƙe ta (wai kada a ce direba bai iya zaman manya ba). Ana shafa fatiha na zabura don in riga kowa gaisawa da Alhaji. Na taka, ƙafa babu. Sai ga ni rub da ciki a kan farantin goro da dabino, hulata can, ta wani dattijo can.

Ba a jima ba minjirya ta zo, ƙafa ta dawo. Amma kafin nan Mamman Sani ya riga ya ɗaga murya: "Ku riƙe shi, shanyewa ce! Ni na daɗe ina ganin yana jan ƙafar nan."

Ranar Litinin Alhaji ya miƙo hannu. "Kawo makullin. Ƙafar birki ce fa, ba ta wasa ba. Sai likita ya duba ka a gabana."

Ya kai ni wani ƙaramin asibiti a Vedoko. Likitar mace ce, 'yar arewa, tana jin Hausa. Ta ce in hau gado in saki ƙafafu suna lilo. Sai ta ɗauko wata 'yar guduma mai kan roba.

Nan ne wayona ya tashi. Ni lakwal, wato makarantar boko, aji huɗu na yi na gudu, amma ina ɗaukar kaina mai ilimi. Na ce a raina: wannan gwajin ƙarfi ne. Ƙafar da ke rawa ai ta marar lafiya ce, ƙafar direba kuwa dole ta tsaya daram. Na ɗaure cinya tamau, na danne numfashi. Ta ƙwanƙwasa ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Ko gezau. Ta sake. Shiru. Na dubi Alhaji ina murmushi, wai ya ga namiji.

Ita kuwa fuskarta ta sauya. Ta gwada ta hagu (wannan na manta ban ɗaure ba), ta yi tsalle. Ta koma ta dama, shiru. Ta jawo takarda, ta ɗauki biro, sai kuma ta tsaya, ta ɗora hannu a cinyata.

"Malam, me ya sa naman nan ya yi tauri kamar itace?"

"Haka Allah ya yi ni, likita."

"To. Sarƙe yatsun hannuwanka biyu, ka ja da ƙarfi, ka dubi rufi, ka lissafa mini garuruwan da kake wucewa daga nan zuwa Paraku."

Ina cikin lissafi, ban kai gari na uku ba, ta buga. Ƙafa ta harba da kanta. Takalmina ya tashi sama ya sauka a ƙirjin babbar rigar Alhaji.

Abin da na yi bayan wannan shi ne ban so a sani ba. Na diro daga gado, na durƙusa a gaban yarinyar da na kusa haifa, da furfurata da komai. Na ce, "Likita, don Allah kada ki rubuta! 'Ya'yana biyar. Wallahi a kan hanya ba ta yi mini haka, yau ne kawai ta kufce mini."

Ta dube ni, ta dubi Alhaji da takalmi a cinya, dariya ta ƙwace mata har sai da ta zauna.

"Malam, tashi. Harbin nan shi nake nema tun ɗazu. Shi ne lafiya. Da ka ci gaba da riƙe ta, da na rubuta a tura ka babban asibiti, mota kuwa sai wani."

Ta yi mini bayani da yaren da zan gane. Tsoka, in ji ta, zare-zare ce a ɗaure dami-dami, kamar yadda nake gani in na yagi dafaffen nama, kuma aikinta ɗaya ne: ta takure ta ja ƙashi. Amma ba ta ja sai an ba ta umarni, umarnin kuma ta jijiya yake zuwa, kamar wuta a wayar mota. In ta bugi igiyar da ke ƙarƙashin gwiwa, saƙo ya ruga zuwa laka cikin ƙashin baya, amsa ta dawo cinya tun ƙwaƙwalwa ba ta sani ba. Abin da ya kayar da ni wurin aure kuwa, akwai jijiyar da ta bi gefen gwiwa dab da fata, na zauna a kanta na matse ta, saƙo ya yanke. Injin lafiya lau, waya aka taka. Ta sa na yi tafiya a kan dunduniya, na yi a kan yatsu, ta duba fuskata da hawan jini, ta sa hannu a takarda.

Ni da Alhaji muka koma mota. Ya miƙo makullin, ya ce, "Gobe ka yi lodi. Kuma ka riƙa sa takalmi mai igiya."

Abin da na koya bai da yawa: in ka je gaban wanda ya san aiki, ka saki jikinka, ka bar wayo a waje tare da masu zem, 'yan babur ɗin haya.

Da na rabu da Alhaji ban wuce gida ba. Na samu Mamman Sani wurin mai shayi, a cikin direbobi, har ya fara ba su labarin gyaran da zai yi wa motata. Na ajiye makullin a kan tebur a gabansa, na bar shi ya gan shi da kyau, sannan na mayar aljihu. Na ce, "Mamman Sani, ƙafata minti biyar ta yi ba ta aiki, ka sanar da Zongo duka. Kai shekara nawa kake zaune a kan bencin nan, wa ya taɓa cewa ka shanye?"